Kundin gyaran jigilar kaya masu haɗari a sitonmu na Gombe

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya Asabar tankar mai ta faɗi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasu. Wata uku ke nan da aukuwar irin wannan a Majiya ta jihar Jigawa, inda aka rasa sama da mutum 150, galibinsu waɗanda suka je kwasar mai. Allah Ya jiƙansu. Mu ba fetur muke ɗauka ba. Sana'armu rarraba kayan noma: muna kawo maganin feshi, taki, maganin adana hatsi, batirin sola da sinadarin tsabtace ruwa daga Kano ta hanyar Darazo da Dukku, mu sauke a sitonmu da ke kusa da Tudun Hatsi, sannan ƙananan motoci su kai Kumo, Bajoga, Deba da Talasse. Amma yau da muka zauna da abokin kasuwancina, magana ɗaya muka yi: abin da ke cikin sitonmu ma yana kisa, kuma waɗanda ke ɗaukarsa a ka ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu.

Mun tsayar da cewa kafin damina ta kankama, wato kafin a fara rububin maganin ciyawa, sai mun san dokar da ke kanmu, mun horar da duk wanda hannunsa ke taɓa kayan, mun kuma gyara motocin. A nan zan riƙa rubuta inda aka kwana.

Laraba, 29 ga Janairu

Mun gama ƙidayar kayan sito, mun rarraba su bisa tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsarin ya kasa kaya masu haɗari gida 9, kuma shi ne tushen dokokin jigila na ƙasa da ruwa da sama a duk duniya tun daga 1956 da aka fara fitar da shi. Kowane kaya yana da rukuninsa da lambarsa mai alƙaluma huɗu. Fetur 1203, man dizal 1202, kananzir 1223, dukansu rukuni na 3, masu saurin kama wuta. Wannan ne abin da ake gani a allo mai ruwan lemo a bayan tanka: 33 a sama, 1203 a ƙasa.

Namu kayan ga inda suka faɗa. Magungunan ƙwari da dama rukuni na 6.1 ne, guba, alamarsu ƙoƙon kai da ƙasusuwa a farin fili, wasu kuma har da jan tambarin wuta domin sinadarin da aka narkar da su a ciki yana kamawa. Hodar kulorin ta tsabtace ruwa rukuni na 5.1, tambarinta rawaya. Ita ba ta cin wuta da kanta, sai dai tana rura ta, kuma in ta haɗu da dizal ko baƙin mai tana iya tayar da gobara ba tare da ashana ba. Ruwan batir rukuni na 8, mai cin fata da ƙarfe. Batirin litiyom na sola rukuni na 9, lamba 3480. Takin yuriya ba ya cikin jerin, ko da yake jami'an tsaro na sa masa ido a wannan yanki na Arewa maso Gabas saboda wani dalili daban.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙwayar da 'yan hatsi ke kira bom, wadda ake jefawa cikin buhunan wake. Ƙwaya ɗaya giram 3 ce, da ta sha danshi sai ta saki giram 1 na iskar fosfin, iskar da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki ko a kan mota mai tamfol. Warinta kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Ba a kashe wutarta da ruwa, don ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi, sai busasshen yashi. Gwangwanayenta suna jere a kasuwa gab da buhunan da za a ci, yara na wucewa. Mun ware mata lungu mai iska, a kan katako, nesa da bangon da ke jiƙa.

Kowane sinadari ya kamata ya zo da takardar bayanan kariya mai sashe 16, kuma sashe na 14 ne ke faɗin rukuni da lamba da matakin haɗari. Dillalai biyu daga cikin masu sayar mana sun turo nan take. Wani kuwa cewa ya yi ba a taɓa tambayarsa ba, ya ce zai bincika. Mun dakatar da oda daga wurinsa har sai ta zo.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Makonnin nan karatun doka na yi, da zirga-zirga ofis-ofis. A Najeriya ba littafi ɗaya ba ne, kowace hukuma da nata ɓangaren. Hanya da mota da direba na hannun hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a ƙarƙashin dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. Duk mai motocin aiki 5 zuwa sama sai ya yi rajista a tsarinta na masu rundunar motoci, ya naɗa jami'in kula da kariya, ya riƙa horar da direbobinsa. Rajistar maganin feshi da izinin sayar da shi na hukumar kula da abinci da magunguna ne, NAFDAC. Ajiya da zubar da ragowa na hukumar kare muhalli ne, NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idojin sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari a 2014. Mai da iskar gas na hukumar sa ido kan tace mai da rarraba shi ne, NMDPRA, tun bayan dokar man fetur ta 2021. Akwai kuma dokar sharar guba ta 1988, wadda aka kafa bayan da aka jibge durorin guba daga Italiya a garin Koko, hukuncinta ya kai ɗaurin rai da rai.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne yarjejeniyar ADR, ta jigilar kaya masu haɗari a kan hanya. An ƙulla ta a Janeba a 1957, Najeriya ta shiga a Oktoban 2018. Asalinta don kayan da ke tsallaka iyakar ƙasa ne, mu kuwa iyakarmu Kano zuwa Gombe. Duk da haka ita muka ɗauka ma'auni, domin ita ce ta faɗi abu filla-filla: me za a sa a mota, me za a rubuta a takarda, wa za a koya wa me.

Maganar horo a cikinta hawa biyu ce. Direban da ke ɗaukar kaya masu yawa sai ya yi kwas ya ci jarrabawa. Kwas na farko darasi 18 ne na minti 45-45, mai jan tanka ya ƙara 12, kuma takardar shaidar shekara 5 take yi a sabunta. Wannan kowa na iya zatonsa. Hawa na biyu shi ne wanda ba a faɗa a tasha: duk wanda aikinsa ya shafi kayan, mai shiryawa, mai lodi, mai saukewa, magatakardan da ke rubuta takardar kaya, dole a horar da shi kafin ya kama aiki. Horon kashi uku ne, sanin haɗarin gaba ɗaya, sanin abin da ya shafi aikinsa shi kansa, da sanin abin yi in abu ya ɓaci. Kuma mai gida ne zai ajiye shaidar an yi. Haka abin yake a jiragen ruwa, inda horar da ma'aikatan tudu ya zama tilas tun Janairun 2010. A Amurka ma duk shekara 3 ake maimaita wa ma'aikaci.

A ganina wannan hawa na biyu ya fi muhimmanci a irin sana'armu. Kafin katan ya kai hannun direba ya bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, kuma yawancin yoyo a wurin lodi ake haifar da shi: an jefa katan, an kifa jarka, an ɗora duro a kan kwali. Direba gado kawai yake ci. Ɗan dako ne ke ɗora katan a kafaɗa, maganin ya jiƙa masa riga, ya yini da ita a jiki cikin rana, ya ci tuwo da hannun. Shi ne mafi kusa da gubar, shi ne kuma na ƙarshe da ake tunawa in ana rabon satifiket.

Wani mutum ya zo sito ya ce zai iya samar mana takardun shaidar horo na ma'aikata duka cikin mako guda, ba sai sun bar aiki sun zauna aji ba. Na ba shi ruwa ya sha, na ce masa ba mu buƙata.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Makon jiya NMDPRA ta sanar da cewa daga 1 ga Maris ba za a ƙara yi wa tankar lita 60,000 lodi a daffo ba. Bai shafi motocinmu ba, amma direbobinmu sun yini suna muhawara a kai, na bar su, don ya buɗe mana ƙofar maganar nauyi da birki. Mun samu malamin da zai horar da mu, tsohon ma'aikacin kashe gobara ne da ya yi kwasa-kwasan sinadarai. Na duba takardunsa. Sharaɗina ɗaya: da Hausa za a yi, kuma a cikin sito, a gaban kayan.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya shiga, zafi ya fara, don haka bayan sallar asuba muke zama, kafin motoci su iso. Yau 'yan dako ne. Malamin bai kawo allo ba. Katan-katan ya sa aka jera, fanko, kowanne da tambarinsa, ya ce kowa ya ɗauki wanda ya fi jin tsoro. Kusan duka suka nufi mai ƙoƙon kai. Ba wanda ya kula shuɗin tambari mai harshen wuta, wanda ke nufin kayan da ruwa ke tayar wa hankali, irin kabayid ɗin masu walda. Daga nan ya fara.

Ya nuna musu zanen da ke ƙasan kwalbar maganin feshi: ja shi ne mafi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ya nuna kibiyoyi biyu da ke jikin katan, ya ce duk inda suka kalla nan ne sama, ko da lodin zai fi kyau in an kwantar. Ya juya wata jarka ya nuna hatimin da aka buga a jikinta, da'ira mai haruffa biyu, sai 3H1, sai harafin Y, sai shekarar da aka ƙera ta. Ya ce jarkar roba shekara 5 ake yarda ta ɗauki kaya mai haɗari, bayan nan rana ta cinye ƙarfinta ko da ido bai gani ba. Nan wasu suka shiga juya jarkokin sito suna karanta shekara. An samu 'yan kaɗan da suka wuce, an fitar da su gefe.

Shugaban 'yan dako dattijo ne, ya girmi mahaifina a sana'ar. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce mini, "Alhaji, tun kafin a raba mu da Bauchi nake ɗaukar maganin nan, ga ni dai." Na ce, "Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Yaran da ke bayanka fa, in an gama lodin maganin ƙwari, ba sa kukan ciwon kai?" Ya yi shiru, wani saurayi daga baya ya ce har da tashin zuciya da yawan miyau, wani lokaci ido ya riƙa ganin dishi-dishi. Malamin ya ce waɗannan su ne alamun farko na gubar irin wannan magani, ta fata take shiga ba sai an sha ba, kuma abin yi shi ne a tuɓe rigar, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti da kwalbar a hannu don likita ya ga sunan sinadarin. Ya hana ba da madara ko manja, ya hana sa mutum amai. Baba ya gyara zama ya ce, "To, sabo turken wawa. Malam, maimaita maganar rigar nan." Shi da kansa ya sake faɗa da Fulatanci saboda yara biyu 'yan Kwami da Hausarsu ba ta nuna ba.

Mun rubuta sunan duk wanda ya halarta, da ranar, da abin da aka koyar. Wanda ba ya rubutu ya dangwala.

Talata, 8 ga Afrilu

An sha Sallah lafiya, mun koma kan motoci. Kowace yanzu tana da weji na tokare taya, alamun gargaɗi biyu masu tsayawa da kansu, ruwan wanke ido, shebur, bokiti mai murfi, buhun busasshen yashi, da riga mai ƙyalli, tocila, safar hannu ta roba da tabarau ga direba da yaron mota. Abin kashe gobara biyu-biyu: babbar motar da ta haura tan 7.5 jimillar kilo 12 na hoda, ƙananan da ba su wuce tan 3.5 ba kilo 4. Na'urar taƙaita gudu dama tana jikin babbar tun da FRSC ta fara kamawa a 2017, mun dai kai an duba ta. A gaban kowace mota akwai takarda ɗaya da Hausa, an rufe ta da leda: kashe inji, sa weji, kafa alama, kori jama'a su koma ta inda iska ke fitowa, kira 122 ko 112, faɗi lambar kayan.

Kayan aiki kuɗi ne kawai, an saya an wuce. Inda aka yi gumi shi ne maganar ɗan abin da direba ke samu a hanya. Kowa ya san in mota ta taso daga Kano da ɗan fili a baya, ana tsayawa a ɗora buhun masara ko shinkafa, a ɗauki fasinja biyu zuwa Dukku, kuɗin cefane ya fito. Ƙa'idar ADR ta hana ɗaukar kowa in ba ma'aikacin motar ba. Ta kuma hana jera guba gab da abinci ko abincin dabbobi, sai da shamaki mai tsayin kayan ko tazarar aƙalla santimita 80. Mu mun wuce nan, mun ce in akwai ƙoƙon kai a mota, ba abinci sam, don a hanyar Dukku da ramukanta tazarar da aka bari a Kano ba ta isowa Gombe.

Babban direbanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar ta yi, amma wa zai cike mini gurbin?" Tambayarsa gaskiya ce. Dokar da ta rage wa mutum abinci ba tare da an duba shi ba, a bayan gari za a karya ta. Mun ƙara musu alawus na kowace tafiyar da ke da irin wannan kaya, mun sa kuɗin cikin farashin dako. Wasu abokan ciniki sun yi ƙorafi, ɗaya ya koma wurin wasu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Wani mai haɗa sola ya zo yana so mu taimaka masa ya tura batirin litiyom da ya lalace zuwa Legas ta filin jirgi na Lawanti, don kamfanin ya canza masa. Na zaunar da shi na yi masa bayani. Tun 1 ga Afrilun 2016 an hana ɗaukar batirin litiyom zalla a matsayin kaya a jirgin fasinja, sai jirgin kaya, kuma cajinsa kada ya wuce kashi 30 cikin 100. Wanda ya kumbura ko ya lalace har ana tsoron ya yi zafi, ba ya hawa jirgi kwata-kwata. Mai shirya kaya da sa hannu a takardar shelar kaya masu haɗari ta jirgi sai mai horo a kan ƙa'idojin ICAO da IATA, ƙungiyoyin sufurin jiragen sama na duniya, wanda ake sabuntawa duk wata 24. Ba mu da irin wannan ma'aikaci, kuma ba mu da niyyar shiga harkar. Ya ce to ai ana iya naɗewa a ce kayan gyara ne. Na ce masa wutar batirin nan in ta tashi a sama ba inda za a tsaya a sauka. Mun rufe bakin wayoyin, mun sa shi a akwati mai yashi, batirin ya tafi ta mota shi kaɗai ba tare da wani kaya mai cin wuta ba.

Talata, 6 ga Mayu

Jiya da la'asar, ana sauke kaya, aka ga gindin wani katan na maganin ƙwari ya jiƙe. Ina ofis, hayaniyar da na saba ji ban ji ba, sai na leƙo. Ɗaya daga cikin yaran nan 'yan Kwami ne ya ɗaga hannu ya tsayar da layi. Wani ya kawo safar hannu da bokiti, aka ɗaga katan ɗin ta ƙasa aka sa a ciki, aka zuba yashi a inda ya ɗiga, aka bar shi ya tsotse, aka kwashe da shebur. Ba wanda ya kawo ruwa ya kora zuwa kwata, wanda da shi ne abin da za a fara yi. Wanda katan ɗin ya taɓa wa kafaɗa ya tuɓe riga ya tafi famfo da sabulu. Murfin kwalba ɗaya ne ya tsage. Mun ɗauki hoto mun tura wa dillalin, mun rubuta a littafin sito.

Abin da ya rage mini damuwa shi ne fankon jarkoki. A ƙa'ida, mazubin da ba a wanke ba hukuncinsa hukuncin cikakke ne. A ƙauyukan da muke kai kaya kuwa, jarkar maganin ciyawa ita ce ta ɗibar ruwa, ita ce ta man gyaɗa. Mun fara roƙon masu shaguna su gaya wa manoma a ɗauraye sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda gindin, a dawo mana da ita mu rage wani abu a kan sabuwa. Na Deba sun karɓa, na Talasse sun ce sai sun ga yadda manoma za su ɗauka.

Talata, 27 ga Mayu

Ruwa ya sauka, oda ta yi yawa, an ɗauki sababbin 'yan dako na wucin gadi. Ba wanda ya taɓa katan sai da ya zauna da Baba da magatakarda na awa guda a gaban tambarin nan, kuma makon farko tare da tsohon hannu yake aiki. Takardar kaya yanzu tana ɗauke da lamba, sunan sinadari, rukuni, yawan katan da lambar wayar da za a kira dare ko rana. Dillalin da muka dakatar ya turo takardunsa, mun ci gaba da shi.

Rufin lungun bom ya nuna ɗigo a ruwan shekaranjiya, mun kwashe gwangwanayen zuwa ɗaki na ciki, mai gyara zai zo gobe. Rajistarmu da FRSC tana hannu, saura duba motoci biyu. Direbobi za su yi cikakken kwas mai jarrabawa bayan Babbar Sallah, bi da bi don kada aiki ya tsaya. Maimaicin horon sito mun sa shi watan Oktoba, gab da kaka, lokacin da maganin adana wake zai fara fita da yawa, kuma shugabannin 'yan hatsi biyu sun ce za su turo yaransu su zauna tare da namu.